Ibnun Nafis, Malamin Fiƙihu Da Ya Gyara Wa Likitoci Kuskure

In an tambayi ɗan makaranta wanda ya gano yadda jini yake kewaya jikin mutum, nan da nan zai ambaci William Harvey, likitan Ingila wanda ya buga littafinsa a shekarar 1628. Amsar daidai ce, amma akwai wani yanki na wannan ilmi da wani malami ya riga ya rubuta a Alƙahira wajen shekara ɗari huɗu kafin nan. Tarihinsa za mu kawo a wannan mako.

Sunansa Ala'uddini Aliyu ɗan Abil Hazmi, amma an fi saninsa da Ibnun Nafis. An haife shi a ƙasar Sham wajen shekarar 1210. Ya koyi aikin likita a Dimashƙa, a asibitin da Sarki Nuruddini ya gina, a hannun shahararren malamin nan Dakhwar. Daga nan ya koma Masar, inda ya zauna har ƙarshen ransa. Ya zama shugaban likitoci, yana kuma karantar da fiƙihun Shafi'iyya a makarantar Masruriyya. Zamaninsa ba na kwanciyar hankali ba ne, domin yana raye Mongol suka rushe Bagadaza a 1258, kana sojojin Masar suka karya su a Aini Jalut a 1260.

To, ga abin da ya sa sunansa bai ɓace ba. Tun zamanin Jalinusu, babban likitan Yunanawa, likitoci sun yarda cewa shamakin da ya raba ɗakin dama da na hagu a zuciya yana da waɗansu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ne jini yake tsallakewa. Shekara dubu ana karantar da haka. Ibnu Sina ma, duk da zurfin ilminsa, bai rushe maganar ba a littafinsa Alƙanun. A wajen 1242, yana da shekara talatin da 'yan kai, Ibnun Nafis ya rubuta sharhi a kan sassan Alƙanun da suka shafi ƙirar jiki. A ciki ya bayyana cewa shamakin nan mai kauri ne, ba shi da ƙofa, ta fili ko ta ɓoye. Jini yana fita ne daga ɗakin dama ya bi jijiya zuwa huhu, ya gauraya da iska, sa'an nan ya komo ɗakin hagu. Ya kuma ƙi yarda da Ibnu Sina cewa ɗakunan ƙasa na zuciya uku ne, ya tsaya a kan biyu, ya ƙara da cewa zuciya tana samun abincinta daga jijiyoyin da suka ratsa jikinta.

Abin lura shi ne, mutumin da ya yi wannan gyara ba abokin gabar Ibnu Sina ba ne. Rayuwarsa ya ƙarar yana yi wa littattafansa hidima, kuma taƙaitaccen Alƙanun da ake kira Almujaz, wanda ɗalibai suka yi ƙarnoni suna karantawa daga Masar har Indiya, shi ake danganta wa. Girmama malami bai hana shi nuna inda malamin ya kauce ba. Sai dai kada mu zarce gona da iri kamar yadda waɗansu marubuta suke yi: tafiyar jini tsakanin zuciya da huhu ita ce ya bayyana, kewayensa a jiki duka kuwa aikin Harvey ne.

Masu tarihinsa sun ce da ka yake rubutu. Akan feƙe masa alƙalumma da yawa a ajiye, ya juya wa jama'a baya, in ɗaya ya dakushe ya jefar ya ɗauki wani. An kuma ruwaito cewa wata rana ya katse wanka ya fito ya rubuta risala a kan bugun jijiya, sai da ya gama ya koma. Ya ƙudura rubuta kundin likitanci mai suna Ashshamil a mujalladi 300, ya samu ya kammala 80. Yana da littafi a kan ciwon ido, da wani a kan ilmin hadisi. Har ƙagaggen labari ya rubuta, Arrisalatul Kamiliyya, game da wani mai suna Kamil da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, ya yi ta tunani har ya gane akwai Mahalicci, ya kuma gane bukatar mutane ga Annabawa.

Da ciwon ajali ya kama shi, an ce waɗansu abokan aikinsa sun shawarce shi ya ɗan sha giya don magani, ya ƙi, saboda ba ya son ya gamu da Ubangijinsa da ita a cikinsa. Ya rasu a Alƙahira a watan Zulƙida na 687, wato Disamba 1288, bayan ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri wanda Sarki Ƙalawun ya gina. Allah Ya jiƙansa.

A Turai, Michael Servetus ya rubuta irin wannan bayani na huhu a 1553, Realdo Colombo kuma a 1559. Maganar Ibnun Nafis ba ta shiga tarihin likitanci na zamani ba sai a 1924, lokacin da wani ɗalibi Bamasare, Muhyiddini Attatawi, ya ci karo da kwafin sharhin a ɗakin ajiye littattafai na Balin, ya rubuta kundin digirinsa a kai a jami'ar Freiburg ta ƙasar Jamus.