JOHN LEECH: ƊALIBIN LIKITA DA YA KOMA ZANEN MAFARAUTA

Da wuya a sami ajin da ba shi da yaron da ke fakar idon malami yana zana shi a bayan littafin lissafi. Mafi yawan irin waɗannan yara bulala suka sha, suka daina. Wanda za mu ba da tarihinsa a wannan fitowa bai daina ba, kuma da wannan baiwa ya ci abinci har ƙarshen ransa.

An haifi John Leech a birnin Landan ranar 29 ga Agusta, 1817. Mahaifinsa yana da gidan sayar da gahawa a unguwar Ludgate Hill. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi makarantar kwana ta Charterhouse. A nan ya haɗu da William Thackeray, wanda ya girme shi da shekara shida, wanda kuma daga baya ya zama shahararren marubuci. Zumuncin da suka ƙulla a makaranta bai yanke ba sai da mutuwa ta raba.

Da ya kai shekara goma sha shida sai ya shiga koyon aikin likita a asibitin St Bartholomew. Malamansa sun yaba da yadda yake zana sassan jikin ɗan Adam, amma karatun bai ɗore ba, domin mahaifinsa ya karye a kasuwanci. Dole ya nemi na kansa, kuma abin da ke hannunsa shi ne fensir. A 1835 ya fitar da ɗan littafinsa na farko, na zane-zanen mutanen da ake gani a titunan Landan. Sunan Leech a Turanci na nufin matsattsaku, wanda likitocin zamanin ke sa wa majinyaci ya zuƙe masa jini. Saboda haka sau da yawa yakan zana matsattsaku cikin kwalba a gefen aikinsa a madadin sa hannu.

A 1841 aka kafa mujallar barkwanci mai suna Punch, shi kuwa ya fara yi mata aiki a wannan shekarar. Kafin rasuwarsa ya yi mata zane wajen 3,000. A 1843 hukuma ta baje kolin manyan zane-zanen da za a ƙawata sabon ginin Majalisa da su. Leech ya zana talakawa cikin tsummoki suna kallon hotunan alfarma, don nuna cewa masu jin yunwa abinci suke nema. Daga wannan zane ne aka soma kiran zanen barkwanci na jarida da sunan katun. A shekarar ce kuma ya yi hotunan littafin Charles Dickens na labarin Kirsimeti.

Amma inda ya fi yin fice shi ne zanen rayuwar karkara da farauta. Farautar yanyawa a Ingila a wancan zamani ta sha bamban da tamu ta dawa. Ba don nama ake yin ta ba. Attajirai ne da manyan manoma ke hawa dawakai lokacin sanyi, wasu sanye da jajayen riguna, suna bin garken karnuka, suna tsallake shinge da kwazazzabo. Leech da kansa yakan fita wannan farauta a lardin Hertfordshire, don haka abin da idonsa ya gani yake zanawa: ɗan birni da doki ya kayar cikin taɓo, manomin da ke faɗa saboda an tattake masa shuka, yaron barga da ya fi ubangidansa sanin doki, da dillalin da ke cusa wa baƙo gurgun doki.

A 1849 ya ƙirƙiro Mista Briggs, wani mai rufin asiri ɗan birni da ya ƙudurta sai ya zama mafarauci, kullum kuwa da irin abin kunyar da zai jawo wa kansa. Ya kuma yi hotunan littattafan R. S. Surtees, ciki har da Handley Cross na 1854, mai ba da labarin Jorrocks, ɗan tireda mai ƙiba da ya zama shugaban mafarauta.  

Aikin yana da wahala. A kan guntun katako yake zane, sannan masu sassaƙa su fafe shi don ɗab'i, kuma yakan yi ƙorafin suna ɓata masa layukansa. Kowane mako sai ya miƙa sabon aiki. A 1862 ya baje kolin zane-zanensa da aka faɗaɗa aka shafa wa fenti, jama'a kuwa suka yi tururuwa zuwa kallo.

Yawan aiki ya taɓa lafiyarsa, ya kamu da ciwon zuciya. Ƙarar makaɗan titi na Landan ta hana shi sakat, har ya sauya gida bai tsira ba. Thackeray ya rasu a Disamba 1863, abin da ya girgiza shi ƙwarai. Shi ma ya rasu ranar 29 ga Oktoba, 1864, yana da shekara 47. Aka binne shi a maƙabartar Kensal Green, kusa da abokin nasa na makaranta.

Punch ta daina fitowa a 2002, an kuma hana farautar yanyawa da karnuka a Ingila tun 2005. Duk da haka masu tarihi na komawa ga zanen Leech don ganin sutura da ɗabi'un mutanen karkarar wancan zamani. Muna fata malamanmu da 'yan'uwa da ke riƙe da makarantu za su duba littafin yaro mai zane da kyau kafin su ɗauki bulala.