Alvaro Domecq: mahayin da ya bar wa birninsa doki

Ni dai tun ina yaro in aka ce doki, to an gama da ni. Shi ya sa ranar da na fara ganin hoton bikin dawakai na birnin Jerez, a yankin Andalus da ke kudancin Sipaniya, na ce sai na san wanda ya ɗaga darajar wannan biki. Duk inda na bi, suna ɗaya ke fitowa: Alvaro Domecq Diez.

An haife shi a Jerez a 1917, a gidan masu hannu da shuni. Danginsa asalinsu Faransa ne, kuma da sana'ar giyar inabi suka tara dukiya. Mahaifinsa ya sayi wani shahararren garken bijimai na faɗa a 1930, don haka yaron ya tashi tsakanin doki da sa. Ya yi karatun shari'a, amma zuciyarsa na kan sirdi.

To mece ce sana'ar tasa? A Sipaniya akwai masu karawa da bijimi a ƙasa, akwai masu yi bisa doki. Alvaro na cikin na biyun. A saki sa mai nauyin kusan kilo 500 cikin fili, mahayi ya tsokane shi, ya bar shi ya taso, sai daf da ƙaho zai taɓa cikin doki ya karkace, ya soka masa mashi a doro. Dokin ba ya sanye da lifidi, abin da ke cetonsa horo ne kawai da amincewa da mai linzami. Ba kamar hawan ƙahon mahautanmu ba ne, domin a can cikin fili ake kashe san, gaban jama'a. Goɗiyarsa mai suna Esplendida ta yi suna kusan kamar shi kansa. Abin da ya burge ni, kuɗi da yawa da ya samu a wasan ga ayyukan taimakon yara marasa galihu na garinsu ya ba da su.

Ya san abin da ƙaho ke yi. A watan Agusta na 1947 wani bijimi ya soki amininsa Manolete, gwanin gwanayen masu wasa a ƙasa, a garin Linares. Alvaro na gefen gadonsa har ya cika. A gida ma bai huta da rashi ba: cikin 'ya'ya 19 da suka haifa da matarsa, biyu kaɗai suka girma, sannan a 1991 jikokinsa mata huɗu suka rasu rana ɗaya a haɗarin mota.

Ya riƙe muƙamin magajin garin Jerez daga 1952 zuwa 1957, daga nan ya shugabanci hukumar lardin Cadiz shekara goma. A nan ne, a ganina, ya yi aikin da ya fi kowane. Lokacin tarakta da mota na korar doki daga gona da hanya, kiwonsa na neman zama asara. Shi kuwa sai ya shirya mako na musamman don dawakai, aka riƙa baje kolinsu ana gasa. Kasuwar dabbobin garin mai daɗaɗɗen tarihi ta koma Bikin Doki da ake yi duk watan Mayu, baƙi na zuwa daga ko'ina. A 1957 kuma ya kafa garkensa, Torrestrella, daga baya ya rubuta littafi kan kiwon bijimin faɗa. Ɗansa mai sunansa ya ɗora, a 1973 ya aza harsashin makarantar horar da dawakai ta Jerez, wadda har yau take aiki.

Amma fa ba zan rufe ido ba. A yaƙin basasa ya yi tuƙin jirgin sama a ɓangaren Janar Franco, muƙamansa kuma ƙarƙashin wannan mulkin kama-karya ya riƙe su. Shi ma wasan, gaskiya ba na iya kallonsa har ƙarshe. Dabba ce ake jikkatawa a hankali don nishaɗi, kuma 'yan Sipaniya da dama sun juya masa baya. Majalisar yankin Kataloniya ta hana shi a 2010, kodayake kotun tsarin mulki ta soke hanin a 2016.

Alvaro Domecq ya rasu a gonarsa a watan Oktoba na 2005, yana da shekara 88. Ko an daina kashe sa a fili gobe, dawakan Jerez za su ci gaba da fitowa duk watan Mayu, masu kiwo da masu sirdi da masu horo su sami abin kai wa gida. Wannan shi ne gadon da na yarda ya bari.