Alhaji Alhassan Ɗantata, Malamin Lissafin Kuɗi Ba a Aji Ba

Duk sa'ad da malaminmu ya ja layi a tsakiyar allo, ya rubuta kuɗin da suka shigo a gefe ɗaya, waɗanda suka fita a ɗaya gefen, sai in tuna da wani ɗan ƙasarmu wanda ya koya wa mutane da yawa wannan darasi, ba tare da ya taɓa riƙe alli ba. Wannan mutum shi ne marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata.

An haife shi a Bebeji a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda aka sani da fatauci. Mahaifinsa Madugu Abdullahi ya rasu tun yana ƙarami, mahaifiyarsa kuma ta tafi Ankara ta ƙasar Gana neman abin kanta. Wata tsohuwa mai suna Tata ce ta goye shi, a nan ne ya samo sunan Ɗantata. Ana cewa ita ce ta fara nuna masa amfanin asusu, domin da yayyafi kogi kan cika.

Bayan Yaƙin Basasar Kano ya shiga fataucin goro. Maimakon ya yi ta bin hanyar jakuna kamar kakanninsa, sai ya riƙa ɗauko goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, kasuwar gyaɗa ta buɗe, a 1918 Kamfanin Neja ya ɗauke shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Kafin a jima buhunansa sun yi dala. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma 20.

To, yaya ya koyar? Hanyarsa ita ce hanyar iyayen gida na fatake. Akan ba yaro jari ya tafi ƙauye sayen gyaɗa, in ya dawo ya zauna ya yi bayani: nawa ya karɓa, buhu nawa ya kawo, nawa ya rage. Wanda lissafinsa ya cika a ƙara masa jari. Wanda ya yi giɓi kuwa, shi ya ja wa kansa. Watau jarrabawar ba a takarda take ba, da kuɗi na gaske ake yin ta. Haka 'ya'yansa, irin su Ahmadu da Sanusi da Aminu, suka taso cikin aikin har suka zama manyan attajirai.

Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955, amma kamfanin da ya bari bai mutu tare da shi ba.

'Yan'uwana ɗalibai, musamman mu da muka fito daga Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, wasunmu za su zama akawu ko ma'aji, a damƙa musu dukiyar jama'a. Iya tarawa da ɗebewa kaɗai ba zai fid da mu ba, sai an haɗa da riƙon amana. Mu fara tun yanzu da ɗan kuɗin guzurin da iyayenmu suke ba mu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ji ƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.