Tarihin Nikita Kurushef, Wanda Ya Tona Asirin Stalin

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin Nikita Kurushef, tsohon shugaban Tarayyar Sobiyat.

An haife shi a 1894 a ƙauyen Kalinobka na ƙasar Rasha. Ɗan talakawa ne, ya yi kiwo yana yaro, daga baya ya koyi aikin ƙarfe a garin masu haƙar kwal. A 1918 ya shiga jam'iyyar kwaminisanci, ya yi ta hawa har Stalin ya damƙa masa jam'iyyar a birnin Masko a 1934, sannan a Yukren a 1938. A shekarun nan ne aka yi ta kame da kisa, kuma shi ma da hannunsa a ciki.

Da Stalin ya mutu a 1953, ragamar jam'iyya ta faɗo hannunsa. A Fabrairun 1956 aka kira babban taron jam'iyya na 20 a Masko. Ran 25 ga wata aka rufe ƙofa, ba baƙo ko ɗaya, ya shafe kusan awa huɗu yana zayyano ta'asar maigidansa. Ya shaida wa wakilai cewa cikin mutum 139 da taron 1934 ya zaɓa a kwamitin ƙoli, 98 kama su aka yi aka harbe. Amma fa nasa laifin bai taɓo shi ba.

Bayan taron, an saki dubban fursunoni daga sansanonin gwale-gwale. Sai dai a wannan shekarar ce kuma ya tura tankokin yaƙi suka murƙushe boren mutanen Hangari. A 1961 aka fitar da gawar Stalin daga ɗakin da aka ajiye ta kusa da ta Lenin.

A Oktoban 1964 mutanensa suka tsige shi, Bireznef ya gaje shi. To, a nan muke so a lura: da zamanin Stalin ne, harsashi zai sha, amma sai aka sallame shi da fansho ya koma gida. Ƙofar da ya buɗe wa wasu ita ta cece shi. Ya mutu a 1971.

Mu dai a ganinmu, ya faɗi gaskiya a makare, kuma rabi ya faɗa, duk da haka ta ceci rayuka. Ina ga an faɗe ta tun maigida na da rai? Allah Ya kyauta.