SARKIN KANO ALU MAI SANGO DA BINDIGOGIN ZAMANINSA

  

'Yan ajinmu za su yi mamakin ganin sunana a kan rubutun tarihi, don sun san yadda nake gyangyaɗi a darasin Tarihi na bayan tara. To, ga dalili. Bara aiki ya kai ni rangadi wani ƙauye a ƙasar Maiyama, aka sauke ni a gidan wani dattijo maharbi. A zaurensa na ga wata tsohuwar bindiga a rataye, wadda ya gada daga kakansa. Ƙotarta itacen gida ce an naɗe da fata, amma a jikin ƙarfen kunamarta akwai hoton kambin sarauta da wasu haruffan boko da suka soma shafewa. Tun daga ranar na shiga bin diddigin yadda irin waɗannan bindigogi suka shigo ƙasar Hausa, kuma duk inda na bi sai in ci karo da sunan mutum ɗaya, wato Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu Mai Sango.

ASALINSA

Alu ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ne, jikan Sarki Ibrahim Dabo. Mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, ɗan Muhammadu Bello, kuma sunan wannan kaka nasa ya ci. Ke nan ta uwa da ta uba duk jinin sarauta ne. Ya tashi cikin karatu, har ana lissafa shi cikin masu ilmin 'ya'yan sarki na zamaninsa.

Da Abdullahi ya rasu sai sarauta ta koma hannun ɗan'uwansa Muhammadu Bello. Bello ya yi ta tuɓe 'ya'yan Abdullahi daga sarautunsu yana naɗa nasa, don share wa ɗansa Tukur hanya. Wannan shi ne tushen fitinar da ta biyo baya.

ABIN DA YA HAƊA LABARIN DA ƘASARMU

A nan ne mu mutanen Jihar Kebbi ya kamata mu kasa kunne. Cikin 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake kira Ɗanyen Kasko, ya tara runduna ya kai wa Argungu yaƙi. Sarkin Kabi Sama'ila ya fito ya tarwatsa rundunar. Cikin waɗanda suka tsaya suka nuna jarunta a wannan rana akwai Galadiman Kano Tukur, kuma Sarkin Musulmi bai manta masa da wannan ba. Da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, sai ya umarci Waziri Buhari ya naɗa Tukur, alhali yawancin Kanawa Yusufu ɗan Abdullahi suke so. Ashe yaƙin da aka yi a bakin ganuwar Argungu shi ya haifar da wanda aka yi a Kano.

Yusufu da 'yan'uwansa suka fice daga birni suka yi sansani a Takai, aka shiga abin da ake kira Yaƙin Basasa, tsakanin Yusufawa da Tukurawa. Yusufu ya rasu a Garko cikin 1894 tun kafin a ci birni, jama'arsa suka yi wa Alu mubaya'a. A wannan shekara Alu ya shiga Kano da ƙarfin yaƙi. Tukur ya fita, aka bi shi har Tafashiya inda aka ci shi, ya rasu cikin 1895. Daga baya Sakkwato ta amince da sarautar Alu, amma tsakaninsa da Ɗanyen Kasko ba a taɓa shan inuwa ɗaya ba.

MENE NE SANGO?

Sango wani makami ne mai kama da gajeren mashi, mai kaifin baki, wanda ake zura shi cikin bakin bindiga a harba da ƙarfin albarushi. Maharban giwa ne suka fi amfani da shi, galibi da dafi a jikinsa. Rundunar Alu ta yi suna da wannan makami, shi ya sa laƙabin ya bi shi.

Kafin zamaninsa, yaƙi a ƙasar Hausa na doki ne da takobi da mashi da baka. Manyan barade suna raina bindiga, suna ganin ta makamin wanda ba ya iya tunkarar abokin gaba ido da ido. Sarakuna kuwa sun fi son ta zauna a hannun bayin sarki, don kada hakimai su tara ta su yi ƙarfi. Su waɗannan bayi su ake kira 'yan bindiga. Ku duba yadda zamani ke juya kalma. A da, 'yan bindiga su ne masu tsaron sarki da gari. Yau kuwa in aka ambaci sunan a Jega ko Aliero sai gaban mutum ya faɗi.

Alu ya gane amfanin bindiga tun a Yaƙin Basasa, kuma maƙwabtansa suka ƙara koya masa. A gabas, Rabe ya ci Kukawa cikin 1893 da rundunar masu bindiga, ya rushe mulkin Shehunan Barno. A arewa, Damagaram tun zamanin Sarki Tanimu take ƙera igwa tana haɗa albarushi, kuma ɗansa Ahmadu Kuran Daga ya shigo ƙasar Kano da yaƙi har Gezawa. Saboda haka Alu ya gyara ganuwa, ya ƙarfafa garuruwan kan iyaka, ya yi ta tara bindigogi da albarushi da harsasai.

IRE-IREN BINDIGOGIN LOKACIN

Ta hanya biyu bindiga ke shigowa. Ɗaya ta hamada, daga Tarabulus ta Gadamas, a hannun fataken Larabawa. Ɗaya kuma daga bakin teku, ta kogin Kwara, ta ƙasar Nupe. Yawancin abin da ke zuwa bindigar toka ce, wadda ake ɗurawa ta baki: a zuba albarushi, a tura tsumma, a sa dalma ko gutsattsarin ƙarfe, a danna da sanda, sa'an nan dutsen ƙyastu ya ba da wuta. Kafin a sake ɗuri mahayin doki ya iso, kuma in ruwan sama ya jiƙa albarushi shi ke nan ta zama sanda. A garuruwan Birmingham ta Ingila da Liege ta Beljiyam aka ƙera da yawansu, musamman don kasuwar Afirka.

Su kuwa Turawa sun riga sun wuce nan. Sojan Ingila ya karɓi Snider cikin 1866, wadda ake sa wa harsashi ta baya. Cikin 1871 aka kawo Martini-Henry, mai mariƙi a ƙarƙashi, wadda gwani kan harba sau goma ko fiye a minti ɗaya. Cikin 1888 aka kawo Lee-Metford mai gidan harsasai, sai Lee-Enfield cikin 1895. Faransa kuma tana da Gras tun 1874. A kan waɗannan duka ga bindigar da Hiram Maxim ya ƙirƙiro cikin 1884, wadda kakanninmu suka sa wa suna bindiga mai ruwa saboda ruwan da ke sanyaya bakinta, tana zubar da harsashi wajen 600 a minti.

Sa'an nan cikin 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Brussels, suka hana sayar da bindigogin zamani a mafi yawan ƙasashen Afirka, suka bar ƙofa a buɗe ga bindigar toka kawai. Sun ce don hana cinikin bayi ne. Ko mene ne nufinsu, sakamakon shi ne 'yan ƙalilan na zamani da suka kai hannun sarakuna ta ɓarauniyar hanya suka zo, kuma samun harsashin da ya dace da kowace ya zama aiki.

ZUWAN NASARA

Cikin Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya gudo Kano, Alu ya karɓe shi da girmamawa. Gwamna Lugga ya sami hujjar da yake nema. A wannan wata ne kuma Ɗanyen Kasko ya rasu aka naɗa Attahiru. Farkon Janairu 1903 Alu ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa don yin mubaya'a.

Yana can Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji ƙasa da dubu, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu. Suka fasa Bebeji, ran 3 ga Fabrairu suka iso Kano. Igwarsu ta kasa rushe ganuwa saboda kaurinta, sai suka fasa ƙofa ta wajen Kabuga suka shiga. Sarkin Shanu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya yi yaƙi har ya faɗi a gidan sarki.

Labari ya iske Alu a hanyar komowa. Rundunarsa ta rabu biyu, wasu na son a yi yaƙi, wasu na son a yi sulhu. Cikin dare Alu ya bar sansani ya yi arewa. Waziri Ahmadu ya ja waɗanda suka zaɓi yaƙi, suka gamu da Nasara a wajen Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairu. Dawaki suka yi ta kai sukuwa kan sojojin da suka yi sahu suna harbi, har Waziri ya yi shahada. Wambai Abbas ya koma Kano da sauran jama'a, Turawa suka naɗa shi sarki. Ran 15 ga Maris Sakkwato ta faɗi, kuma cikin rundunar da ta ci ta har da wani ɓangare da ya taso daga Argungu.

An kama Alu a ƙasar Gobir. Aka kai shi Yola, daga nan aka mayar da shi Lakwaja, inda aka tsare waɗansu sarakunan irin su Kwasau da Aliyu ɗan Sidi na Zazzau. Can ya zauna fiye da shekara ashirin, ya rasu cikin 1926, shekarar da Abdullahi Bayero ɗan Abbas ya hau gadon Kano.

Har yau ana muhawara a kan wannan fita tasa ta dare. Wasu na ganin tsoro ne, wasu na ganin niyyar hijira ce, irin wadda Attahiru ya yi daga baya har ya yi shahada a Burmi cikin Yuli 1903. Ni dai a nawa ɗan tunani, mutumin da ya ci Kano da yaƙi ba a kira shi matsoraci kai tsaye. Ina ganin cikin sarakunan lokacin ba wanda ya fi shi sanin bindiga, don haka ba wanda ya fi shi sanin tazarar da ke tsakanin sango da bindiga mai ruwa. Amma wannan bai kankare cewa ya bar jama'arsa a lokacin da suka fi bukatarsa ba. Allah shi ne masanin abin da ke cikin zukata.

IDAN AKWAI IRINTA A GIDANKU

Na tabbata akwai gidaje a Jega da Aliero da Maiyama da ke da irin bindigar da na gani. Ga abin da za a duba. Kambin sarauta da haruffan V.R. alamar zamanin Sarauniya Victoria ce, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Kalmar Tower ko Enfield a jikin ƙarfen kunama tana nuna Ingila, sau da yawa har da shekarar ƙira. Ɗan zane mai kama da kan kibiya yana nuna ta taɓa zama kayan gwamnatin Ingila. Haruffan E.L.G. cikin da'ira mai siffar ƙwai alamar Liege ce. St. Etienne ko Tulle kuwa Faransa ke nan. Yawancin na hannun mutanenmu gauraye ne: kunama ta Turai, ƙota ta gida, wani lokaci bakin ma maƙeranmu ne suka sake shi. Wannan bai rage mata daraja ba, don aikin hannun kakanninmu ne a jikinta.

Kada a goge ta da yashi ko a kankare tsatsa da wuƙa, don alamun za su tafi. Kada kuma a gwada harba ta, tsohon ƙarfe yana iya fashewa. A zauna da dattawan gida a rubuta wanda ya kawo ta da inda ya samo ta, tun suna raye. Sa'an nan a tuna da doka. Dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon wajabta lasin ko ga bindigar toka, ta kuma sa bindigar soja irin mai harsashin .303 cikin waɗanda aka haramta riƙewa sai da izinin Shugaban Ƙasa. A halin tsaron da muke ciki, wanda duk ya gaji irin wannan ya sanar da hukuma, kuma mafi alheri ya ba da ita ajiya a gidan tarihi, kamar Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu ko Gidan Makama na Kano.

Daga ƙarshe ina ba ƙungiyarmu shawara ta ɗauki nauyin kai ɗaliban makarantarmu ziyara Argungu ko da sau ɗaya a shekara, su ga makaman da kakanninsu suka riƙe. Da an kai mu a lokacinmu, wataƙila da ban yi gyangyaɗi a aji ba. Malaminmu na Tarihi, ranka ya daɗe, a yafe mini, ga shi na biya bashi ko da a makare.

Allah ya jiƙan Sarki Alu da Waziri Ahmadu da sauran magabatanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.