Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, Malamin Da Ya Rubuta Shaihu Umar

Daga Wakilinmu, Lamorde, Mubi

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ya san Dandalin Tafawa Ɓalewa, kuma kowa ya taɓa riƙe takardar Naira biyar mai ɗauke da hotonsa. Amma da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ba su san cewa mai wannan hoto shi ne ya rubuta Shaihu Umar ba, littafin nan da iyayensu suka karanta a makaranta. Ga tarihinsa a taƙaice, da abin da littafin ke koya mana game da halin ɗan Adam.

An haifi Abubakar a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa cikin ƙasar Bauchi. Ba ɗan sarauta ba ne. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala bara ne a gidan hakimi, sunan mahaifiyarsa kuwa Fatima Inna. Ya fara da makarantar allo, sa'an nan ya shiga ta boko a Bauchi, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina a 1928. Da ya gama a 1933 sai ya koma Bauchi ya kama aikin koyarwa a Midil, inda daga baya ya zama hedimasta.

A wannan shekara ta 1933 ne Dokta Rupert East na Ofishin Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, da kuma Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. Lokacin nan Malam Abubakar bai wuce shekara 22 ba.

Labarin na wani babban malami ne a Rauta kusa da Bauchi, wanda almajiransa suka tambaye shi asalinsa. Maraya ne, an haife shi a Kagara bayan rasuwar ubansa. Uwarsa ta auri Makau, bafadan da sarki ke ji da shi. Sauran fadawa suka yi masa hassada, suka ƙulla masa sharri a kan bayin da aka kamo, aka kore shi daga gari. Ana cikin wannan ruɗani aka sace Umar yana ƙarami. Ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya tafi da shi ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwar kuwa ta bazama nemansa, wani mayaudari ya sayar da ita. Ba su sake haɗuwa ba sai a Tarabulus, tana gab da cikawa.

Darasin haƙuri da dogara ga Allah shi malamai suka fi nanatawa a aji, kuma gaskiya ne yana nan. Amma akwai wani na biyu da ya fi shafar mazauna Kurmi. Waɗanda suka rushe gidan Makau abokan zamansa ne, masu cin tuwo tare da shi. Waɗanda suka kamo Umar suka kai kasuwa mutanen ƙasarsa ne. Wanda ya raine shi kuwa baƙo ne, kuma fataken bayi. Marubucin bai raba mutanen kirki da mugaye bisa ƙabila ko launin fata ba, ya bar kowa da halinsa. Haka kuma yaron da aka yi cinikinsa kamar akuya shi ne ya zama Shaihu da ake durƙusa wa. Wanda ya raina mutum don asalinsa bai fahimci littafin ba.

Wasu masana na ganin littafin bai fito fili ya la'anci bauta ba, tun da bautar ce ta zama sanadin ɗaukakar Umar. Amsarsu tana cikin labarin uwar, wadda ba ta tsinci komai a bauta ba sai wulaƙanci da mutuwa a baƙuwar ƙasa. Mu a nan yankin Mubi ba tatsuniya ba ce wannan. Hakimin Madagali, Hamman Yaji, ya bar littafin da ya riƙa sa a rubuta masa al'amuransa daga 1912 zuwa 1927, har da hare-haren kamun bayi a kan duwatsu. Watau shekara shida kacal ke tsakanin ƙarshen wancan littafi da rubuta Shaihu Umar.

Siyasa ce ta raba Malam Abubakar da alƙalamin labari. Bayan kwas ɗin malanta a Jami'ar Landan daga 1945 zuwa 1946, ya shiga Majalisar Jihar Arewa, ya kuma wakilci Arewa a majalisar Ikko daga 1947. A watan Agusta 1950 ya tashi a Kaduna ya kawo ƙudurin a gyara mulkin En'e domin talaka ya sami ta cewa, abin da ba kowane ɗan talaka zai iya faɗa a zamanin ba. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya na Sufuri, sa'an nan Firayim Minista a 1957, shi ne kuma ya karɓi mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960. Saboda daɗin lafazinsa ake masa laƙabi da mai muryar zinariya.

Shi kansa ya yi fama da zargin da ke tsakanin Arewa da Kudu. Da farko ba ya ganin Nijeriya za ta zauna ƙasa ɗaya, kuma bai ɓoye ba. Tafiyar da ya yi Amurka a 1955, don duba yadda ake sufuri a kogin Misisifi, tana cikin abubuwan da suka sauya masa ra'ayi, da ya ga mutane iri-iri sun haɗu sun zama al'umma guda. A 1961, a taron Ƙasashe Renon Ingila a Landan, yana cikin waɗanda suka matsa wa Afirka ta Kudu lamba kan wariyar launin fata har ta fice daga ƙungiyar.

A zamaninsa ne kuma mu mutanen Mubi muka zama 'yan Nijeriya sosai. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961, mutum 146,296 na Arewacin Kamaru suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ran 1 ga Yuni aka haɗe, aka kafa Lardin Sardauna mai hedkwata a Mubi.

Mulkinsa bai rasa tabo ba. An sa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma a 1962, an ɗaure Cif Awolowo a 1963, an yi rigimar ƙidaya, an yi tarzomar Tibi, an yi ta gardama kan zaɓen 1964. Da Jihar Yamma ta kama da wuta bayan zaɓen Oktoba 1965, mutane da yawa sun ga haƙurinsa ya yi yawa. Haƙurin da ya ceci Umar bai isa kashe wutar siyasa ba. Ran 15 ga Janairu 1966, kwana kaɗan bayan ya shugabanci taron Ƙasashe Renon Ingila a Ikko kan batun Rodeshiya, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abekuta, aka kai Bauchi aka binne. Abokai da abokan hamayya sun shaida bai tara dukiya ba.

Littafin ya ci gaba da rayuwa. Mervyn Hiskett ya fassara shi da Turanci a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo a 1975, Adamu Halilu kuma ya yi masa fim a 1976.

To, jama'ar Kurmi, kun san zafin a kira mutum da sunan raini don rigarsa ko harshensa. Kada mu rama da irinsa a kan maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo, domin hali ake dubawa, ba asali ba. Wanda zai zo gida ganin dangi ya nemi Shaihu Umar ya koma wa yara da shi, a riƙa karanta musu bayan sallar lisha. Allah ya jiƙan Malam Abubakar, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.