Nikola Tesla: Mutumin da ya haska duniya, ya mutu da bashi a ɗakin otal

Duk mai yawo a YouTube ko TikTok zai yi wuya bai taɓa cin karo da bidiyon wani da ya naɗa wayar tagulla, ya haɗa da mayen ƙarfe, ya kunna ƙwan fitila, ya ce ya gano sirrin wuta kyauta ba. Sunan da aka fi jingina wa irin waɗannan na'urori shi ne Nikola Tesla. To wane ne shi, kuma me ya ƙirƙira a zahiri?

An haifi Tesla ranar 10 ga Yulin 1856 a ƙauyen Smiljan, wanda yanzu ke cikin ƙasar Kuroshiya. Mahaifinsa limamin coci ne ɗan ƙabilar Sabiya. Ya karanci aikin injiniya a birnin Graz na Ostiriya amma bai kammala ba. A 1884 ya sauka New York, ya kama aiki a kamfanin Thomas Edison. Zaman bai yi nisa ba suka raba gari, har ta kai shi ga haƙar rami a kan dala 2 a yini.

Tauraruwarsa ta haska a 1888, lokacin da ya yi rajistar injin da ke juyawa da wutar AC, wato wadda ke kai-da-komo a cikin waya. Attajiri George Westinghouse ya sayi izinin amfani da fasahar. Fifikon wannan wuta a kan ta Edison shi ne taransifoma na iya ɗaga ƙarfinta a tura ta nesa ba tare da asara mai yawa ba. A 1896 aka janyo ta daga ruwan Niagara zuwa birnin Buffalo. Irinta ce ke zuwa gidajenmu daga Kainji, kuma fankar da ke kanka jikar injin Tesla ce.

A 1891 ya fito da koyil ɗin da ke ɗauke da sunansa, mai tartsatsi kamar walƙiya, wanda ke kunna dogon ƙwai ba tare da waya ta taɓa shi ba. Daga nan burinsa ya faɗaɗa: ya aika saƙo da wuta ko'ina a duniya ba waya. A 1901 attajiri J.P. Morgan ya ba shi dala 150,000, ya fara gina hasumiya mai tsawon kusan mita 57 a Wardenclyffe, kusa da New York.

Cikin Disambar shekarar, Marconi ya riga shi tsallakar da saƙon rediyo ta tekun Atlantika da kayan da ba su kai nasa tsada ba. Morgan ya ƙi ƙara ko sisi. Aikin ya tsaya, aka rushe hasumiyar a 1917 saboda bashi.

Tesla bai taɓa aure ba. Ya ƙare rayuwarsa daga wannan otal zuwa wancan, yana ciyar da tantabaru. Ya mutu ranar 7 ga Janairun 1943 yana da shekara 86. Hukumomin Amurka sun kwashe takardunsa, abin da ya haifar da jita-jitar cewa an ɓoye wani sirri. Sai dai Farfesa John G. Trump, wanda aka sa ya duba su, ya ce galibi hasashe ne. Yau takardun na gidan tarihinsa a Belgrade.

Mai gwaji a gida zai iya haɗa ƙaramin koyil ɗin Tesla, ƙwan kuma ya kama. Amma wutar daga batir ko soket take fitowa, kuma da zarar an matsa da ƙwan sai ya mutu. Ko hasumiyar Tesla sai an ba ta wuta daga janareto. Babu na'urar da ke fitar da fiye da abin da aka zuba mata.

Don haka kafin ka kashe kuɗinka a kan injin da aka ce ba ya shan mai, ba rana, ba batir, ka nemi a auna abin da ke shiga da abin da ke fita. Kuma kada a gwada da wutar gida, domin tana kisa.